Waƙoƙin da Ba a San Masu Su Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutane a Katsina, ana jin su a cikin Napep da shagon aski da gidan biki, amma in ka tambayi wanda ya yi su sai a ce maka oho. Na daɗe ina tara irinsu, tsofaffi da sababbi, na gida da na waje, kuma tambayoyin da ake yi mani a kansu kusan iri ɗaya ne. Ga su nan da amsoshin da nake bayarwa.

Wace irin waƙa kake nufi tukuna?

Gajerar waƙar zamani mai amshi mai saurin shiga kai, wadda wani yaro ko wata 'yar ƙungiyar makaɗa suka yi ƙwaya ɗaya, suka sake ta, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ba waƙar fim ba ce da jarumi ya hau kanta, ba kuma ta siyasa ba ce da aka biya kuɗi a yi ta sawa. A Turai da Amurka yawanci samari huɗu ne ko biyar da jita da ganga, su yi karo-karo su buga 'yan faifai kaɗan. A wajenmu galibi mutum uku ne: mai rerawa, yarinyar da ke yi mashi amshi, da mai fiyano a situdiyo mai ɗaki ɗaya.

Kafin zuwan fiyano kuwa, su ne makaɗan gurmi da kukuma da asharalle, da mata masu kiɗan ƙwarya, waɗanda wani ya kanga wa rikoda a gidan biki ko a dandali. Kowa ya san Shata, Allah ya jiƙansa, har kabarinsa da ke Daura an sani. Amma a zamaninsa akwai makaɗa birjik a ƙauyukan Musawa da Mashi da Batsari waɗanda waƙarsu ɗaya ta fita garinsu, sunansu bai biyo ta ba.

Me ke sa irin wannan waƙa ta maƙale wa mutum a ka?

Amshi ne kan gaba. Kalmomi kaɗan, kari mai sauƙin bi, a yi ta dawo da shi har mai sauraro ya fara riga mawaƙin faɗa. Bahaushe ya san haka tun kafin a ƙera rediyo, shi ya sa makaɗi ba ya fita ba 'yan amshi. Masana halayyar ɗan Adam ma sun tabbatar da shi: tun 1968 wani Ba'amurke mai suna Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu yana ƙara wa mutum son abin.

To amma wannan ya shafi kowace waƙa. Abin da ya keɓanta da wanda ba a sani ba shi ne ba shi da lokacin ɓatawa. Babban mawaƙi yana iya cinye minti guda yana kirari yana gaishe da iyayen gida, a kuma jira shi, don an san abin da ke tafe. Shi kuwa yaron nan ya san yatsan mai waya na kan madanni, in bai kama kunne da shigowa ba an wuce shi. Dole ya sa abin da ya fi daɗi a gaba. Ga shi kuɗin waƙa ɗaya tak ya iya tarawa ya kai situdiyo, don haka karin da ya yi shekaru yana rerawa a gona ko a kan keken ɗinki, shi zai juye ciki gaba ɗaya, bai ajiye komai don gobe ba.

Akwai wata a memorina da nake yawan ba da misali da ita. Da fiyano take farawa yana kwaikwayon sarewa, sai yarinyar amshi ta shigo, ta ɗan riga kiɗan kaɗan, irin gaggawar wanda bai saba tsayawa gaban makirufo ba. In ka sa abin kunne za ka ji gurnanin janareto a ƙarƙashin kiɗan. Zancen waƙar bai wuce jiran wani a tashar mota ba. A baiti na uku muryar yaron ta ɗan karye, aka bar ta a haka, wataƙila don ba kuɗin sake ɗauka. Duk wanda na kunna wa ita, wannan wurin da muryar ta karye shi yake cewa in maimaita mashi.

Malam, in da gaske tana da daɗi ai da ta yi tashe, ko ba haka ba?

A nan na fi son a tsaya, domin ba haka ba ne, kuma an gwada an gani.

A 2006 wasu masu bincike uku na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka fitar da sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun tara waƙoƙi 48 na ƙungiyoyin da ba a sani ba, suka zuba su a wani shafin intanet, mutum 14,341 suka shiga suna saurare suna sauke wadda ta yi masu. Sai aka raba mutanen. Wani rukuni ba ya ganin komai sai sunan waƙa da na masu ita. Sauran aka kasa su gida takwas, kowane gida yana ganin sau nawa 'yan gidansu suka sauke kowace waƙa, amma ba ya ganin na sauran gidajen.

Waƙoƙin nan dai su ne a ko'ina, ba a canza ko ɗaya ba. Duk da haka wadda ta zo kan gaba a wannan gida sai a iske ta can tsakiya a wancan. Wadda ta yi sa'ar samun 'yan farko, ita jama'a ke rufar wa, tazarar ta yi ta ƙaruwa. Waƙoƙin da suka fi kyau ba safai suke faɗuwa ƙasa warwas ba, marasa kyau kuma ba safai suke hayewa sama ba, amma duk abin da ke tsakani rabo ne kawai. Kamar masu ƙosai biyu ne a bakin Ƙofar Ƙaura: wadda aka fara yi wa layi, wajenta mai wucewa zai tsaya, ko da kaskon ta gefe ya fi daɗi.

Mu duba namu. Me ke sa waƙa ta yi tashe a garin nan? DJ ya sa ta a kamu amarya ta taka, ko a ɗora ta a fim, ko mai mabiya da yawa a TikTok ya hau ta, ko mai gabatar da shiri a rediyo ya so ta, ko mawaƙin ya samu ubangida mai sakin hannu. Duk waɗannan ƙofofi ne, kuma yaron da ke Rimi ko Ingawa bai san mai gadin ko ɗaya ba. Ban ce duk waƙar da ta kwanta mai daɗi ce ba. Da yawa ba su da abin saurare, kuma mai tarawa sai ya yi haƙurin tankaɗe. Abin da nake cewa shi ne rashin tashe ba hukunci ba ne a kan waƙa.

Daga ina aka samo al'adar fitar da waƙa ƙwaya ɗaya?

Daga girman faifai. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe, sai mawaƙa suka koyi tsuke waƙa ta shiga wannan ma'auni. A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifai na roba mai faɗin inci 7 da juyi 45 a minti, mai araha, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta gaba ita ake fatan rediyo ya sa, ta baya cikon gurbi ce, ko da yake an sha samun mai gabatarwa ya juya faifan, ta bayan ta zama ita ce ake so. Arahar wannan faifai ita ta buɗe wa ƙananan kamfanoni da samarin unguwa hanya.

Labarin da ya fi birge ni daga arewacin Ingila yake. Daga ƙarshen shekarun 1960, matasa 'yan ƙwadago na yankin Manchester suka kamu da son faifan baƙar fatar Amurka na Detroit da Chicago, kuma ba waɗanda suka yi kasuwa ba, waɗanda suka kwanta a sito ba mai saye. Akwai wani zauren rawa a garin Wigan da aka yi ta kwana ana sa irin waɗannan faifai daga 1973 zuwa 1981. Abin ya kai ga a 2009 an sayar da wani ƙaramin faifai na 1965 kan sama da fam 25,000, saboda kwafi biyu kacal aka san sun rage a lokacin.

Sai dai suna da wata ɗabi'a da ba na so. DJ kan manna takarda a kan tambarin faifan ya rubuta sunan ƙarya, don kada abokin hamayya ya gano ya nemo nasa. Ana ta rawa da waƙar mutum a Ingila, shi yana can Detroit bai ma san ana yi ba.

Mu nan, ta wace hanya suke iso mana?

Da kaset aka fara, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 kuma ya daɗe yana mulki a kasuwanninmu. Mai shagon kaset yana da rikoda mai baki biyu, ka zaɓi waƙoƙi ya haɗa maka, in an samu sauran zare a ƙarshe ya cike da wata da ba ka tambaya ba. Waƙoƙi da yawa ta wannan cikon suka shiga gidaje. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sannu a hankali aka koma memori da Bluetooth, sannan Xender da WhatsApp. Masu tura waƙa a kasuwa da bakin tasha, da kwamfuta a kan ɗan tebur ƙarƙashin lema, su suka gaji masu kaset, kuma su ne rumbun waƙar da ya fi kowane girma a jihar nan.

Kada a manta da iyaka. Waƙa takan shigo daga Maraɗi ta Jibiya, ko daga Damagaram ta Kwangwalam zuwa Daura, a aljihun direba ko ɗan kasuwa, tamu ma ta bi hanyar ta fita. Misalin da kowa zai iya bincikawa shi ne na Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita daga Nijar. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na situdiyon Hausa, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su cikin waƙoƙin da yake kwafa daga memorin mutane, ya fitar da tarin a 2011, ya kuma bi sawun masu waƙoƙin don a biya su. Yau Mdou Moctar yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Da ba a bi sawun nan ba, da har yanzu lamba ce kawai a memorin wani.

Ba dai son a ce mutum ya fi kowa sani ba ne?

Akwai masu haka, ƙanena. Za ka gane su da rowa: su kunna maka, su hana ka sunan, in waƙar ta yi tashe kuma su ce ta lalace. Wanda yake son waƙar da gaske ba ya iya riƙe ta shi kaɗai, kafin dare ya tura wa duk 'yan majalisarsu. Daɗin tsintuwa gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji waƙa ta zama tasa don shi ya gano ta da kunnensa, ba talla ce ta kawo mashi ita ba.

Amma sautinsu ba kyau, ga muryar an cika mata na'ura.

Sau da yawa haka ne. Ɗaki ne da aka liƙa wa katifa a bango, makirufo ɗaya, fiyano Yamaha, kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, wuta kuma sai an tada janareto. Na'urar gyaran muryar da ake kuka da ita, Auto-Tune, ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. An yi ta ne don ta gyara ɗan kuskuren murya a ɓoye. Situdiyonmu suka murɗa ta har ƙarshe, ta zama ado, kunnen matasa ya saba da wannan rawar muryar har ya ɗauke ta a matsayin salo.

Ni ga yadda nake gwada waƙa: in kashe wayar, in rera amshin da bakina. In ya tsaya da ƙafarsa ba fiyano ba na'ura, waƙa ce. In ya zube, kwalliya ce kawai aka yi. Waƙoƙi masu tsada da yawa ba sa tsallake wannan gwaji, na ɗakin katifa kuma da dama suna tsallakewa.

Yaya, ina matsayin addini a nan?

Malamai sun yi magana mai yawa a kan kiɗa, wasu sun hana, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Wannan fagensu ne, 'yar'uwa, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Abin da ke hannuna shi ne zaɓi. Waƙar batsa, ko ta zagi, ko ta cin mutuncin 'yar wani, ba na ajiye ta komai daɗin amshinta, ba na kuma tura wa kowa.

Shi mawaƙin yana samun wani abu kuwa?

Galibi ko sisi. Wannan shi ne ɓangaren da ke ci mani rai. Mai tura waƙa ya karɓi nasa, DJ an yi mashi liƙi da ita, mai bidiyo ya tara mabiya da ita, wanda ya ci bashi ya biya situdiyo yana nan yana faci a bakin titi.

Manhajojin sauraro ba su warware matsalar ba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, amma daga 2024 ya sa ƙa'idar cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta shiga rabon kuɗi. Yawancin masu sauraron irin waƙoƙin nan kuma ba a can suke ji ba, a memori suke ji, inda ba mai ƙirga. Audiomack da Boomplay da YouTube sun fi kusa da mutanenmu, kuma ko ba kuɗi, sa waƙa a can yana ɗaure ta da sunan mai ita da ranar da ta fito.

Ta fuskar doka, waƙa mallakar mai ita ce tun daga ranar da aka ɗauke ta, ko bai yi rajista ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da wannan haƙƙi. Amma doka ba ta iya kare wanda ba a san sunansa ba. Shi ya sa nake roƙon masu turawa abu ɗaya: kada a goge suna. In za ka tura waƙa a WhatsApp, tura ta a matsayin takarda, wato Document, sunan fayil ɗin zai tafi da ita. In ka tura ta kai tsaye, a wayoyi da yawa sai ta sauka da haruffan AUD da jerin lambobi, shi ke nan an raba ta da mai ita. In ka san mawaƙin, ka gayyace shi bikin gidanku, ka biya shi a hannu. Kuɗin biki ɗaya ya fi abin da manhaja za ta ba shi a shekara.

Ina da wata da nake so, ta yaya zan gano mai ita?

Fara da sauraron farkonta da ƙarshenta da kyau. Mawaƙanmu sun saba ambaton sunansu ko laƙabinsu, da sunan situdiyo, da na mai kiɗa, wani lokaci har da unguwa. Sunan situdiyo ya fi amfani, don mai fiyano ba ya manta wanda ya yi wa kiɗa, kuma sau da yawa asalin fayil ɗin na nan a kwamfutarsa. Sannan ka saurari harshen. Bakatsine da Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram ba sa ɓoyuwa a waƙa, baiti biyu sun isa ka san inda za ka dosa.

Daga nan ka kai ta wajen tsofaffin masu tura waƙa da DJ na biki, ka kunna masu. Shazam, manhajar da ake kanga wa waƙa ta faɗi sunanta, yana gane waƙar da aka sa a rumbunsa ne kawai, saboda haka ga ta waje yana taimakawa, ga tamu ta ɗakin katifa da wuya. In ta waje ce mai faifai, shafin Discogs yana da bayanin ƙananan faifai masu ɗimbin yawa, har da na ƙungiyoyin samarin gabashin Najeriya da suka yi kiɗan jita bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Shirye-shiryen gaishe-gaishe na gidajen rediyon Katsina ma hanya ce: wani mai sauraro a Dutsin-Ma ko Mai'aduwa yana iya cewa ai ɗan unguwarsu ne.

Kawu ya rasu ya bar buhun kaset. Me za mu yi da su?

Allah ya jiƙansa. Kada ku zubar, kada kuma ku bar su a ɗakin kwano inda zafi ke dukansu, ko kusa da lasifika, don maganaɗisu yana goge zare. Ku duba kowane ɗaya. Wanda ya yi fumfuna a ware shi gefe, kada ya shiga rikoda. Wanda zarensa ya saki a sa biro a ɗaure shi a hankali. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki, in ya faɗi sauti ba zai fito sosai ba, ana iya ciro na wani kaset a manna. A goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit kafin a fara.

Sai a haɗa waya daga ramin abin kunne na rikodar zuwa kwamfuta, a ɗauka da Audacity, manhaja ce ta kyauta. A ajiye asalin a tsarin WAV, a yi MP3 daga gare shi don turawa, a kuma ajiye kwafi a wuri biyu, don memori yana mutuwa ba sallama. Kowane fayil a rubuta mashi duk abin da aka sani: mawaƙi, gari, bikin wa, wace shekara. A zauna da gwaggo ko wani abokin marigayin a kunna masu, su ne za su gane muryoyin. Kwalin kaset ɗin ma a ɗauki hotonsa gaba da baya kafin a mayar da shi buhu, har da rubutun biro da ke jikinsa, ko na boko ne ko na ajami.